Bango Na Jiran Zara

Lahadi, bayan magariba

Zara ta ɓuya. Lissafina ya nuna haka tun da daɗewa, amma sani daban, tsayuwa a saman bene kai kaɗai daban. Na wanke buroshina duka, na jera su a gwangwani, na danne murafen fenti. Ba zan taɓa bangon nan ba sai ta dawo.

Tauraruwa nake nufi, mai hasken nan da ke bin wata da yamma. Na yi karatu. Na san dunƙulen dutse ce lulluɓe da gajimare mai zafi, na ci jarrabawa a kanta tun kafin a haifi masu yi min wa'azi yanzu. Ban taɓa roƙonta ko allura ba. Abin da na sani shi ne wannan: in na yi alwala, na zauna da carbina, na kame bakina har ta fito, na dube ta, na rufe ido, launi yakan zo min a shirye, kamar an miƙo min a faranti. In ba ta nan, abin da ke fita daga hannuna taɓo ne.

Tana ɓuya ne a yamma. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta gabas, da asuba. Haka take tun kafin a san kwaleji, balle shugabanta.

Litinin, da hantsi

Shugaba ya kira ni babban ɗakin taro. Ɗalibina ne a da. Ni na koya masa riƙe fensir a wannan kwalejin, kafin su rufe sashen zane su mayar da ajina ɗakin ajiyar karyayyun kujeru. Yanzu yana da kwat da direba, kuma shi ya nemo ni ya ba ni bangon nan. Ban manta ba. Shi ma ba ya bari in manta.

Muka tsaya gaban aikin. Kogi ya gama, jiragen ruwa sun gama, bishiyoyin gaɓa da shanun da ke shan ruwa duk sun gama. Saura sama. Kashi ɗaya cikin uku na bangon yana nan da fentin ƙasa kawai, shafen farko, fari fat, kamar kan da aka aske.

Ya ce, "Malam, sama ce fa kawai. Shuɗi ne. A shafa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ajina ka koyi cewa sama shuɗi ce?"

Ya yi dariyar manya, wadda ba ta kai ido. Ya ce babban baƙo zai buɗe ɗakin, hukumar kwaleji ba za ta nuna masa rabin zane ba. Ya ba ni zuwa Litinin ta sama da mai zuwa. In ban gama ba, masu fenti za su shafe bangon gaba ɗaya da fari.

"Har kogin?"

"Har kogin, Malam. Ba ni kaɗai ba ne."

Na ce masa ina jiran tauraruwa. Ya dubi direbansa, direban ya dubi takalminsa.

Tun da suka kore ni, me na zana? Kan kaza a ƙofar masu gashin nama. Kawunan samari a shagon aski. Bayan motocin ɗaukar kaya. Har wannan ma injin buga allo ya ƙwace. Wannan bango shi ne abu guda da zan bari wanda ya fi ƙofar shago faɗi, kuma suna so in gama shi da shafe kamar bangon makewayi.

Litinin, la'asar

Ban je ba.

Laraba, bayan azahar

Auta ta kawo abinci. Ita ce ƙaramar 'yata, ita kaɗai ta rage a garin nan, ita ke kwana a asibiti wajen uwarta. Ta ajiye kwano, ta ƙi zama.

"Baba, yaushe za ka je?"

"Ina da aiki."

"Wane aiki? Buroshinka a bushe suke."

Na ce jira ma aiki ne. Sai ta fara. Ta ce mijinta ya ce duban taurari hanyar halaka ce, ta ce tana jin kunya in an tambaye ta, ta ce mutum a shekaruna istigfari ya kamace shi. Na ce ta gaya wa Ustazu, haka nake kiran mijin nata, cewa lokacin da yake tsotson yatsa na riga na sauke littattafan da yake ɗaga min murya da su. Na ce manomi yana duba sama kafin ya yi shuka, matuƙin jirgi yana dubawa, ba wanda ya kira su mushirikai.

Ta ce, "Manomi ba ya barin matarsa a gadon asibiti don tauraro."

Ta ɗauki kwanon jiya ta fita. Ban ci na yau ba sai da ya huce.

Uwarta, Alƙaliya nake ce mata. Tun muna sabon aure ba zanen da ya bar gidan nan ba ta yanke masa hukunci ba. Takan tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Malam, wannan saniyar ciwon baya take yi?" Kuma in na duba, gaskiya ne. Ita ke hawa bene da ni kullum da tabarmarta. Ba ta yarda da lissafina ba ko na rana ɗaya, shan iska take zuwa yi, in ji ta. Takan ce, "Ga matar taka can ta fito, sai ka sauko mu ci abinci."

Tun ranar da ta faɗi a bakin famfo ban ji wannan maganar ba. An ce ba ta magana yanzu. An ce.

Alhamis, da safe

Tabarau ɗina sun yi datti. Na wanke da sabulu, ba su fita ba. Kayan yanzu.

Juma'a, da yamma

Tela, maƙwabcina, ya leƙo ta katanga yana cizon zare. "Malam mai taurari, yau me sama ta ce? In yanka yadin nan ko in bari?"

Na ce, "Sama ta ce ko ka yanka ko ka bari, wandon zai fito ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Ya yi dariya har zaren ya faɗi. Sannan ya rage murya ya ce matarsa ta je dubiya jiya, ta ce jiki da sauƙi, hannun hagu yana motsi sosai. Na ce na gode. Ya tsaya yana jiran in ƙara wani abu. Na shiga ɗaki.

Mutane sun ɗauka tsufa ne ya kawo min wannan. Kawuna ne ya yi min lissafin haihuwa tun ina jariri, ya ce a sa'ar Zara na faɗo, hannuna zai ci abinci da ado. Da na je jami'a na mayar da maganar abin ba'a, ina ba abokai labari muna dariya. Sai aka rufe sashen zane. Na yi shekaru in na ɗauki fensir kamar na ɗauki muciya. Masu digiri irin nawa ba wanda ya taka ƙofar gidana. Wata magariba na hau bene don kada yara su ga fuskata, na zauna ina jan carbi ba don ina sa ran komai ba, na ɗaga kai na gan ta. Da na rufe ido sai ga wani ruwan goro mai duhu, gefensa kore, launin da ban taɓa haɗawa ba. Na sauko a guje na haɗa shi a murfin tukunya. Alƙaliya ta yi faɗan murfin har mako.

Karatun ya ba ni takarda, takardar ta ba ni kora. Benen nan shi ya mayar min da hannuna. Wanda yake da abin da ya fi wannan ya kawo in gani.

Ban je ba.

Asabar, da hantsi

Na gwada. Ba wanda zai ce ban gwada ba. Na ɗauko guntun katako a bayan gida, na haɗa shuɗi da fari da ɗan ja, yadda kowane ɗan koyo zai yi. Ya fito kamar ruwan wanki. Na ƙara rawaya, ya koma kamar ciwo. Na jefa katakon bayan kaji.

Da nake saukowa daga bene jiya na zame a matakala ta ƙarshe. Gwiwa ce kawai. Wani ya taɓa matakalar nan, ba a inda take da ba take.

Lahadi

Shiru. Gidan nan ya yi girma.

Litinin, bayan azahar

Na je in ga bangona. An riga an kawo bokitan farin fenti an jera su a gindinsa, daidai ƙarƙashin shanuna, kamar an kawo musu ruwa. Babban mai fenti yana zaune a kan ɗaya yana cin gyaɗa. Ƙato ne mai fara'a, irin mutanen da za su rushe gidanka suna tambayar lafiyar iyali.

"Baba, kai ne mai aikin? Wallahi ya yi kyau. Kamar in cire riga in faɗa ruwan."

"Amma za ka shafe."

"In an ce in shafe. Ni rolar shafa fenti ce tawa, ba ta san kyau ba." Ya miƙo min gyaɗa. "Ka ba ni izini mana in yi maka saman. Shuɗi mai kyau, hannu biyu, kafin la'asar an gama. Ba wanda zai sani."

Na ce ni zan sani.

Ya ce, "To Baba, tauraruwar nan ba ta da waya ne a kira ta?"

Yaransa suka kwashe da dariya. Na bar su suka gama. Na ce ya matsar da bokitansa daga gaban aikina, ranarsa ba ta zo ba. Ya matsar, ban zata ba. Da zan fita na yi karo da bokiti ɗaya, na ce wa ya ajiye shi a hanya. Ba wanda ya amsa. Wannan shirun ya fi dariyar ciwo.

Talata, bayan isha

Dole in rubuta wannan.

Auta ta zo gab da magariba, ta ce yau mijinta ya karɓe ta a asibiti na ɗan lokaci. Ta yi salla a ɗakin uwarta. Ina saman bene da carbina, don ko Zara ba ta nan ba na fasa zama, sai na ji takunta a matakala. Ba ta taɓa hawowa ba tun tana 'yar makaranta. Ta shimfiɗa tabarmar uwarta ta zauna. Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi. Na ɗauka kewa ce ta kawo ta.

Can sai ta ce, da wata murya mai zaƙi da ba tata ba, "Baba! Ga ta can ta fito."

Na ce, "Ina?"

"Can, saman tankin ruwa. Mai haske sosai."

Tankin ruwa yana yamma da gidana. Nan uwarta take nunawa duk watannin nan, nan ta saba jin ana cewa.

Na ce, "Kin tabbata?"

"Wallahi... na tabbata, Baba. Sai ka fara aiki gobe."

Na ce, "Kin ji yadda rantsuwar ta maƙale miki? Wadda ta ɓuya a yamma ba ta dawowa ta yamma. Ta gabas take dawowa, da asuba. Ko ɗan aji ɗaya na koya wa wannan. Ke da mijinki kun ce shirka nake yi, yau kuma kin hau benena ki yi min ƙarya da bakin da kika gama salla da shi?"

Na ci gaba, na faɗi abubuwa. Na ce Shugaba ne ya aiko ta. Na ce ta ɗauke ni tsohon banza da za a nuna wa fitilar tanki a ce tauraro ce. Na ce me ya sa take tsammani ba zan duba da idona in gani ba?

Ta ce, "Don ba ka gani, Baba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce uwarta ta gaya mata tun bara. Ta ce kowa ya sani, har Tela, shi ya sa yake kawar da kekensa daga ƙofa in ya ji fitowata. Ta ce aikin yanar ido ne, na minti kaɗan a asibiti, an yi wa surukarta, amma wa ya isa ya gaya min.

Na ce ta sauka daga benena.

Ta miƙe tana naɗe tabarma, tana kuka, kuma kukan bai hana bakinta ba. Jinina ce. Ta ce, "Kana tsammani Mama kullum ganinta take yi? Ranar da hadari ya rufe sama fa? Ranar da ta gaji, ƙafarta na ciwo, abinci na hucewa? Cewa take yi ta fito, ka rufe ido, ka sauko da launinka kana murna. Ni laifina ban san gefen da zan nuna ba."

Ta tafi da tabarmar.

Laraba, da safe

Ƙarya take yi.

Laraba, la'asar

Na fito da zanukan da na yi a shekarun nan na jingina su a tsakar gida. Kusa nake gani sarai, wannan ba wanda zai ƙwace min. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da hancina kusan a jiki. Kasuwar kifi. Mata a bakin rijiya. Doguwar hanyar nan mai ruwan hoda da wani bature ya so saya na hana. Wanne ne na tauraruwa, wanne ne na abinci na hucewa?

Na kasa rabewa. Duk suna da kyau. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Alhamis, bayan asuba

Bisa lissafina yau ko gobe za ta fara leƙowa. Na hau, na fuskanci gabas, na yi wuridina cikakke ban tsallake komai ba. Sama kamar an zuba madara a ruwa. Akwai wani haske, akwai wani kuma kusa da shi, da na karkata kai suka zama huɗu. Ɗaya fitilar gidan burodi ce, na san wannan. Na tsaya har rana ta fito ta kore su duka.

Zan iya rufe ido in ce na gani. Wa zai kama ni? Na rufe. Baƙi ne kawai.

Auta ba ta zo ba. Ta aiko da abinci ta hannun matar Tela.

Juma'a, bayan asuba

Haka dai.

Shugaba ya kira, ban ɗauka ba. Ustazu ya kira, ban ɗauka ba. Saura Asabar da Lahadi.

Ba zan roƙi kowa ya duba min sama ba. Wanda zan tambaya ko dai ya yi min dariya ko ya ji tausayina, kuma mai tausayi maƙaryaci ne, na gani. Mutum ɗaya ce nake bi bashin bayani, Alƙaliya. Kwana nawa tana kwance tana hutawa, ni ina nan ina haukacewa da abin da ta shuka.

Asabar, da hantsi

Na je.

Daga masallaci na wuce, gari bai waye ba. Mai gadi ya ce ba lokacin dubiya ba ne. Na ce ba dubiya na zo ba, shari'a na zo. Ya haska ni da tocila, ya ga tsoho da gwiwa ɗaure, ya buɗe.

Auta tana kan darduma a gefen gado. Ta gan ni, ta tashi ta fita.

Ba zan rubuta yadda Alƙaliya ta koma ba. Idonta dai nata ne.

Na ja kujera. Na yi niyyar gaisuwa, na shirya ta tun a hanya, amma abin da ya fito shi ne, "Ashe ƙarya kike yi min?"

Ta dube ni.

"Shekara nawa? Kasuwar kifi, da gaske ne ko abinci ne ke hucewa? Hanyar nan mai ruwan hoda fa? Kin mayar da ni abin dariya a gidana. Ina rufe ido kamar waliyyi, ke kina lissafin tukunya."

Sai gefen bakinta ɗaya, wanda yake motsi, ya ɗaga. Kafaɗarta ta fara rawa. Na zaci wani abu ne ya taso, na miƙe zan kira nas. Dariya take yi. Matar nan, a wannan halin, dariya take yi min, har hawaye yana gangarowa cikin kunnenta. Na goge mata da hannun rigata, ina cewa ba abin dariya ba ne, za su shafe min kogi jibi, bokitai suna can a jere.

Na gaya mata duka. Shugaba, mai fenti, katakon da na jefa wa kaji, yadda 'yarta ta nuna min yamma. A nan ta sake yin dariyar. Na ce, "Ba ki koya mata da kyau ba." Na ce mata na hau jiya da shekaranjiya. Na ce mata ban ga komai ba. Ban taɓa faɗin wannan da bakina ba sai yau, kuma ba zan sake ba.

Ta daina dariya. Ta ɗaga hannun hagu, a hankali, kamar tana ɗaga bokiti cike, ta kama haɓata ta juya fuskata wajen taga. Ta miƙa yatsa. Bakinta ya yi ta kokawa da wata kalma, abin da ya fito bai fi "ta" ba. Ta sake. "Ta."

Tagar gabas take kallo, wannan gaskiya ne, na lura da inda alƙibla take tun da na shigo. Amma akwai ginin ɗakin haihuwa a gabanta, ban san iya tsayinsa ba. Ko ana ganin sama daga kan wannan filon, ko ba a gani, ban sani ba. Auta tana bakin ƙofa. Kalma ɗaya zan yi ta zo ta duba.

Ban kira ta ba. Na dubi inda yatsan ya nuna, na rufe ido.

Toka-toka mai ɗumi daga ƙasa, kamar cikin kurciya. Samansa kore mai sanyi, siriri. Can sama shuɗin da bai gama rabuwa da dare ba. Ya zo gaba ɗaya, har da yadda zan haɗa shi.

Na ce, "Alƙaliya, in ƙarya ce wannan ma, Allah ya isa." Ta sake min haɓa ta tura ni da bayan hannu, yadda take korata daga kicin.

A ƙofa Auta ta ce, "Baba, ka karya tukuna." Na ce ta kawo min can wajen bangon.

Asabar, magariba

Kafaɗata kamar an sare ta. Kashi ɗaya na saman ya hau. Auta ta riƙe min tsani, tana karanta addu'o'i a ƙasa, ban sani ba ko don kada in faɗo ne ko don a shirye ni. Ta ce koren ya yi yawa. Na ce ba a ba ta kujerar uwarta ba tukuna.

Na duba daga baya. Ya yi yawa. Na rage.

Lahadi, la'asar

Ban sauko ba sai don salla.

Litinin, bayan azahar

Sun zo da sassafe da rolarsu. Ina kan tsani ina gama kusurwar dama. Babban mai fenti ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya ce, "Kai! Baba, ta ɗauki wayar ke nan?" Na ce ya yi min shiru, hannuna na kan gaɓa.

Shugaba ya shigo da mutum biyu na hukuma. Ya tsaya gaban bangon yana dubawa. Daga saman tsani ba na ganin fuskarsa, kwat ɗin kawai nake gani.

Ya ce, "Malam, faɗuwar rana muka yi da kai. Wannan ai asuba ce."

"Tauraruwar ta sauya gefe."

Ɗaya daga cikin na hukuma ya ce shi dai ya ga sama, kuma ta cika bango, me ake jira. Shugaba ya matso har gindin tsani. Ya nuna wani wuri sama kaɗan da bishiyoyin gaɓa, inda na bar fentin ƙasa, fari, bai fi bakin kofi ba.

"Nan fa? Ka manta."

"Ban manta ba. Wurin tauraruwar ne."

"To a ɗiga mana, a gama."

Na ce, "Ba na zana abin da ban gani ba. Wadda ta gani ita za ta sa. Hannunta na hagu lafiya lau."

Ya rage murya. Ya san inda take, duk garin an sani. Ya ce, "Malam, Alhamis ake buɗewa. Likita zai sallame ta kafin Alhamis?"

"Ban sani ba."

"In bai sallame ta ba fa?"

"Sai baƙonka ya kalli shanu."

Na ji yaran mai fenti suna danne dariya. Shugaba ya tsaya yana kallon farin wurin nan, ni ina kallon inda nake zaton idonsa yake. Na riƙe tsanin da hannu biyu. Na riga na yanke cewa in ya ce a shafe, sai dai su shafe da ni a jiki.

Ya juya ya ce wa mai fenti katangar wajen ƙofar shiga ta yi datti, su kwashe bokitan su je can. Da zai fita ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Wurin ya yi mata tsayi daga keken marasa lafiya."

Na ce wannan matsalata ce.

Na biya wajen Tela na karɓi sandar da yake sauke yadi da ita daga saman kantar shagonsa. Ya tambaye ni me zan yi da ita, na ce sama zan taɓa. Na ɗaure ƙaramin buroshi a bakinta da zare, na gwada a bangon tsakar gida daga zaune, da hannun hagu. Tana kaiwa, amma tana da nauyi. Gobe da asuba zan kai wa Alƙaliya ta fara saba hannu, kafin nas ta shigo ta ce mun cika hayaniya.